Yadin da Ba Ya Cizo

"Cire! Wayyo Allah, Baban Biyu, cire shi zai kashe ni!"

Kankare ya fizge yadin da sauri, amma ina, ya makara. Gefensa ya riga ya manne a kafaɗarta, sai da ya taho da 'yar fata. Ihun da matar tasa ta kurma ya sa duk matan da ke kwance a ɗakin 'yan ƙuna suka juyo. Shi kuwa ya tsaya sororo da abin a hannu, shuɗi mai walƙiya, sabo fil, ya rasa inda zai ajiye shi.

Nas ɗin ɗakin ta banko labule ta shigo. Gajeriyar mata ce, faɗa gare ta kamar ta ari baki, ga ta da aiki kamar inji. Ta karɓe yadin ta murza shi sau ɗaya tsakanin yatsunta.

"Wa ya ce ka ɗora mata wannan? Malam, wannan ai leda ce! Auduga na ce maka jiya, auduga mai laushi, ko da wani yare na yi maganar?"

"Sista, mai shagon ya rantse mini duk kasuwar babu wanda ya kai shi laushi."

"Santsi gare shi, ba laushi ba. Shi ya rantse, kai kuma hannunka bai gaya maka komai ba?"

Kankare ya dubi hannun nasa. Me hannun zai gaya masa? Tun yana saurayi yake buga bulo. Siminti ya cinye fatar da aka haife shi da ita, ya bar masa wata mai kauri da tsaga-tsaga, wadda yake ɗaukar garwashi da ita ko a jikinsa. Abokan aiki ne suka laƙaba masa Kankare, sunan ya bi shi har na yankan ya ɓace. A wurin wannan tafin hannu, buhun siminti da alharini duk ɗaya ne.

Tukunyar gas ce ta yi yoyo a kicin ba wanda ya lura, Maman Biyu ta ƙyasta ashana. Wutar ta ci ƙirjinta da kafaɗa da hannun dama har wuyan hannu. Shi ya jawo ta waje, shi ma ta lashe shi a cikin damtsen hagu zuwa ƙasan gwiwar hannu, wurin da siminti bai taɓa kaiwa ba. Nasa an naɗe masa da bandeji an sallame shi. Nata kuwa likita ya ce a riƙa shafa magani a bar shi a buɗe. Akwai wani ƙarfe mai kama da keji da ake kifawa a kan majinyaci, a shimfiɗa zanin gado a samansa yadda ba zai taɓa jiki ba, amma kaɗan ne a asibitin, kuma duk suna kan waɗanda suka fi ta jin jiki. Zanin gadon asibiti in ya taɓa ta sai ta suma don azaba. Haka take kwance bayan labule, daga ƙugu zuwa sama babu komai, tana karkarwar sanyi alhali kowa a ɗakin gumi yake yi.

Ba sanyin ne ya fi cin ranta ba. 'Yan biyunta mata, waɗanda ko makaranta ba su isa shiga ba, rabonsu da ganinta tun ranar gobarar. Kullum lokacin ziyara mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Inna, za ta kawo su su zauna a benci a waje, su gaji su koma. Maman Biyu ta rantse ba za su gan ta haka a tsiraice da ɗanyen nama ba. Ƙaramar cikinsu har ta daina cin abinci.

Da Sista ta gama gyara wurin da ya saɓule ta fita tana mita, sai Maman Biyu ta juyo da idonta, don wuyan ba ya juyuwa.

"Kada ka damu, ai ba laifinka ba ne," in ji ta, haƙoranta na haɗuwa. "Sanyi nake ji, Baban Biyu. Kuma ina son ganin 'ya'yana. Yau ma Inna za ta kawo su da la'asar. Don Allah ka nemo mini abin da ba ya cizo."

"Zan nemo."

"Kada ka bari su sake yi maka wayo."

"Ba za su sake ba," ya ce, alhali shi kansa bai san ta yadda zai hana ba.

A cikin bas a tsaye ya tafi, yana kare hannun mai bandeji daga kafaɗun mutane. Ya sauka a bakin babbar kasuwa ya kutsa layin 'yan yadi, inda bandir-bandir ke jere har rufi, ƙamshin sabon kaya na shiga hanci har da yaji-yaji. Shagon jiya bai ko kalle shi ba, don ya san in ya shiga sai an kira 'yan sanda. Ya zaɓi wani babba mai ƙofar gilashi, yana ganin inda aka kashe kuɗi haka ba za a tsaya ƙaramar ƙarya ba.

Mai shagon ya saurare shi da kyau, har da girgiza kai da "Allah ya kiyaye gaba". Ya sauko da wani zanin gado a cikin leda, ya nuna masa lamba a jikin kwalin.

"Laushi ai lissafi ne, maigida. Ka ga lambar nan? Yawan zaren da ke cikin ɗan wurin da bai fi farcen babban yatsanka ba ke nan. In lamba ta hau, laushi ya hau." Ya ciro wani ɗan madubi mai ƙara girman abu ya kifa a kan yadin. "Leƙa ka gani da idonka."

Kankare ya leƙa. Ya ga zare sun haye juna kamar tabarma. To, sai me? Ya murza yadin, bai ji komai ba.

Wata mata mai tsohon ciki da ke zaɓen kayan jarirai a gefe ta yi dariya. "Malam, kada ya ruɗe ka da lamba. Ni na taɓa sayen mai babbar lamba, sai da ya kankare mini baya. Haka ake yi, duba." Ta ɗauki gefen yadin ta goga a kuncinta, ta goga a ƙasan haɓa, ta lumshe ido. Sannan ta dunƙule shi a hannu kusa da kunnenta. "In ka ji yana ƙara ƙaras-ƙaras, sitaci ne ya yi masa yawa. Mai laushi ba ya magana."

Kankare ya gwada yadda ta yi. Kuncinsa rana ta gasa shi, ga gemun da ya kwana biyu bai ga reza ba. Ya goga a wuya, ya goga a bayan kunne. Da abin ya ƙi, sai ya kai shi leɓe.

"A'a, a'a, maigida," in ji mai shagon yana janye kayansa, "ba a ci."

Matar ta tuntsire da dariya, amma da ta dubi fuskarsa sai ta haɗiye abarta. Ta taɓa masa yadi uku ta ce wannan ya fi, sai dai ta ƙara da cewa, "Ni fa fatata lafiyayya ce. Abin da na ji daɗinsa, ban san yadda zai yi wa mai ciwo ba." Gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar ce ta fito da shi daga shagon hannu rabbana.

A ƙarshen layin akwai wani tela da ke yi wa Maman Biyu ɗinki tun tana amarya, dogon mutum mai tabarau ɗaure da zare. Da ya ji labari sai ya tsayar da keke, ya yi salati ya ƙara. Ya jawo buhun da yake tara ragowar ƙyallaye ya zazzage a kan tebur.

"Zauna, Kankare. Abu na farko, kada ka yarda da sabon yadi a kan kanta. Akwai abin da ake tsoma shi a ciki tun daga masaƙa don ya yi wa hannun mai saye ladabi. Wanki ɗaya, sai ya nuna maka halinsa. Na biyu kuma, ga yadda ake kama leda."

Ya zare zare ɗaya daga wani ƙyalle, ya ƙyasta ashana. Kankare ya zabura har ya ture kujera. Tela ya ce, "Yi haƙuri, na manta," amma ya ci gaba. Zaren ya narke ya dunƙule ya zama baƙin ƙwallo mai warin roba. Ya ƙona wani, wannan ya ci da sauri ya bar toka mai laushi.

"Ka gani? Mai toka shi ne auduga. Wannan kam zan iya rantse maka a kai." Ya ware masu tokar gefe guda, sun kai tuli. "Amma audugar ma iri-iri ce. Wata ta fi buhu mugunta. Ni yatsuna na gaya mini wanda zai yi wa mai lafiya daɗi. Abin da ƙonanniyar fata za ta ji kuwa, wallahi sai mai ƙuna."

Kankare ya dubi tulin. Can sai ya sa haƙori ya kama bakin bandejin hannunsa.

"Kai, me za ka yi?"

Kankare ya ja bakin bandejin. Ya warware shi zagaye bayan zagaye, na ƙarshen ya manne, ya ja shi da ƙarfi. Ciwon ya fito jajawur, yana naso, faɗinsa kamar na tafin hannu. Iskar fankar shagon kaɗai da ta taɓa shi sai da ya cije leɓe.

"Kankare, ka haukace? Ƙyallayen nan a ƙasa nake tsince su! Za ka sa wa kanka abin da ya fi ƙarfinka."

"Miƙo mini wancan farin."

"Ba zan miƙa ba."

Ya miƙa hannu ya ɗauka da kansa, ya shimfiɗa a kan ciwon.

Tirƙashi! Ashe haka ne. Ashe wannan ne abin da take ji tun daga wuya har ciki, ita da ko ƙaya ce ta soke ta sai ya sha labari har gobe. Gumi ya karyo masa. Ya ɗaga ƙyallen ya jefar, ya ɗauki na gaba.

A ranar nan, a teburin tela, mutumin da bai taɓa bambance zani da tabarma ba ya san yadi fiye da yadda yake so. Kowanne da irin muguntarsa. Atamfa kankara take yi. Shadda sanyi gare ta da farko, kamar za ta yi mutunci, sai ka motsa ta yanke ka da ƙarfinta. Boyel ba ya nauyi, amma zarensa ɗaya-ɗaya yake nutsewa cikin nama ya bar zanensa. Mai gashi-gashin nan da ake yi wa jarirai riga da shi, wanda Tela ya fi sa wa rai, shi ya fi kowanne cin amana, don gashin ne ke tsayawa a ciwon bayan an ɗaga. Tela ya juya baya yana kallon bango, yana ta faɗin, "Ya isa haka, don girman Allah ya isa."

Tulin ya ƙare, babu ko ɗaya.

Ya rufa bandejin sama-sama ya koma cikin kasuwa. Shago-shago yake bi, yana roƙon a yanko masa ɗan ƙyalle daga bakin bandir. In an ba shi sai ya koma gefe ya ɗaga bandeji ya gwada. Wasu suka ba shi don tausayi, wasu don su ga abin da zai yi. Wani yana ganin ciwon ya ɗaga masa hannu ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, yau ba a yi ciniki ba," ya ɗauka bara ya zo. Wani kuma ya kore shi, wai zai kore masa mata da ƙazanta. Kafin azahar labari ya riga shi isa ƙarshen layi, cewa ga wani taɓaɓɓe can yana shafa wa gyambonsa yadi. Hannun ya kumbura, zugin na hawa har hammata, kuma tun ana bambance wannan ya fi wancan, har ya fara tsoron kada ciwon ya gaji ya daina gaya masa gaskiya.

Ƙafa ce kawai ta kai shi layin 'yan gwanjo, can bayan kasuwa kusa da kwata. Ya zauna a kan wani dutse don jiri na ɗibarsa. Wata tsohuwa mai sayar da tsofaffin labule da zannuwan gado, da ke zaune a kan dilar kaya tana fifita da kwali, ta ƙare masa kallo.

"Kai ne mahaukacin da ake faɗa?"

"Ni ne, Baba."

"Mu gani." Ta leƙa hannun ta ja tsaki. "Kai wane irin wawa ne? Ƙato da kai, ba ka da mai faɗa maka? Wa ya ƙone?"

"Mai ɗakina."

"Ita ta ce ka kashe kanka?"

"Mayafi take so. Yara za su zo ganinta."

Tsohuwar ta daina fifita. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa, tana ci gaba da zaginsa ƙasa-ƙasa. Ba kayan da ta baje ta nufa ba. Wani buhu ta jawo daga ƙarƙashin tebur, na tsummokaran da suka mutu murus, da take sayar wa makanikai su goge hannu. Ta tona har ƙasa, tana taɓa kowanne da bayan yatsu ba tare da ta duba ba, kana ta zaro wani.

Zanin gado ne, ko kuma a da can zanin gado ne. Farinsa ya koma ruwan toka. Ta ɗaga shi sama, rana ta ratso ta cikinsa har ana ganin inuwar hannunta. Da ta sake shi bai faɗi ba, saukowa ya yi a hankali ya kwanta a cinyarta ba ƙara.

"A layin sababbi kake neman laushi? Sabo ba ya laushi, ɗana. Sai an wanke shi an wanke shi har ya gaji. Wannan Allah kaɗai ya san mutum nawa suka kwana a kansa." Ta yage ɗan gefe ta miƙa masa. "Gwada, tunda ka rantse sai ka ƙarasa hannun."

Ya shimfiɗa. Ya jira cizon. Akwai shi, ba za a ce babu ba, amma can ƙasa-ƙasa, kamar mutum ya hura maka iska da baki. Ya motsa hannun, ƙyallen ya bi shi bai yi gardama ba. Ya ɗaga, ya taso salin-alin bai riƙe komai ba. Ya sake gwadawa a wurin da ya fi ɗanye, don kada a ce ciwon ne ya mutu. A'a, ciwon na nan da ransa, yadin ne mai mutunci.

Sai ga Kankare, mutumin da bulo ya taɓa faɗo masa a ƙafa bai ce wash ba, yana hawaye a gaban mai gwanjo. Daɗi ne ya kama shi, daɗin da rabonsa da shi tun kafin gobara.

"To, kuma kuka? Tashi ka ba ni wuri kada ka tara mini jama'a. Ka tafasa shi fa, ka goge da dutse mai zafi. Kuma ka kai hannun nan a duba, wawa kawai. Allah ya ba ta lafiya."

Akwai mai wanki da guga a bakin ƙofar asibiti, wanda ya saba da irin wannan aiki. Ya dafa zanin a tukunya, ya shanya, kafin a jima ya bushe don ba shi da kauri. Ya bi shi da dutsen guga ciki da waje, ya naɗe a cikin sabuwar takarda. Kankare ya karɓa da hannu biyu.

Ana kiran la'asar ya shiga. A bencin da ke gaban ɗakin ya tarar da Inna, 'yan biyun na jingine da ita, an yi musu wanka an sa musu kaya iri ɗaya. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Ka samo?" in ji Inna.

"Na samo, Inna. In Allah ya yarda yau za su shiga."

Babbar ta ce, "Baba, yau za mu ga Mama?" Ƙaramar kuwa yatsa kawai take tsotsa tana kallon ƙofa.

"Ku jira ni kaɗan."

Bayan labulen ya tarar da Maman Biyu shiru, idonta rabi a rufe. Karkarwar na nan, amma fuskar ta saki, ba kamar da safe ba. Ciwon ma ya sauya. Jan nan mai naso ya ragu, wurare da yawa sun yi fari-fari, wasu ruwan ƙasa, sun bushe kamar fatar jaka. Ransa ya yi sanyi, ya ce a zuciyarsa, alhamdu lillahi, ya fara kamewa.

"Maman Biyu, na dawo."

"Ka daɗe."

"Rufe idonki. In ya ciza ki faɗa, nan take zan ɗaga."

Ta runtse ido ta cije baki tana jira. Ya warware zanin, ya riƙe shi a sama da ita, ya bar shi ya sauka da kansa, tun daga kafaɗa har ƙugu, ya rufe hannun. Ya tsaya da yatsunsa a gefe, a shirye.

Shiru.

"To, ɗora mana," in ji ta. "Jiran ya fi ciwon wuya."

"Ai na ɗora."

Ta buɗe ido ta leƙa ƙirjinta. Sai ta yi dariya, ƙaramar dariya mai rauni, ta farko tun da aka kawo ta. "Kai, Baban Biyu! Kai, Allah ya yi maka albarka."

Daidai nan Sista ta shigo da tiren magani, bakinta ɗauke da faɗa tun daga ƙofa. "Me kuma aka kwaso mana yau? An tafasa? An goge?" Ta murza gefen zanin, ta ɗaga gira. "Wannan kam auduga ce." Ta ɗaga shi ta leƙa ƙarƙashi, sai faɗan ya tsaya cak.

Ta ajiye tiren. Ta sa safar hannu, ta ɗauki wani ɗan ƙarfe mai tsini, ta tsaya ta yadda kafaɗarta ta tare wa Maman Biyu gani.

"Maman Biyu, 'yan biyun nan naki wace ce ta fi rigima?" ta tambaya, da wata murya mai taushi da Kankare bai taɓa jin ta da ita ba.

"Ai Babbar ce, Sista. Ƙaramar ba ta da hayaniya, sai dai naci."

Kankare na kallo Sista ta danna tsinin a damtsen matarsa. Ta danna sosai, har wurin ya lotsa.

"In ta kafe a kan abu," Maman Biyu ta ci gaba, "ko ubanta bai isa ba. Halinsa ta ɗauko."

Sista ta matsa ƙasa ta danna. Ta hau ƙirji ta danna, nan da can. Maman Biyu na ta ba da labarin ranar da Ƙaramar ta ƙi cire takalmi har ta yi barci da shi. Sista ta mayar da zanin ta rufe ta, ta ce, "Malam, zo ka sa mini hannu a wata takarda."

Babu wata takarda. A lungun da ake ajiye keken marasa lafiya ta tsaya, ta cire safar tana kallon ƙasa.

"Ba yadinka ba ne ya yi laushi," ta ce. "Wato yana da laushi, ban ce ba shi da shi ba. Amma ko buhu ka ɗora mata yanzu ba za ta ji ba."

"Ban gane ba, Sista. Ai sauƙi ne ya samu. Na ga ya bushe."

"Naman da ke da rai shi ke ihu. Ihun nan da take yi yana tayar mana da ɗaki, shi muke so. Tun jiya nake zargin hannun, yanzu abin ya hau har ƙirji. Ƙunar ta ci ciki, ta kashe jijiyoyin da ke ji. Zan kira likita yanzu. Sai an shiga da ita an yanke duk inda ya mutu."

"Hannun fa?"

"Likita ne zai faɗa."

"Sista, hannun fa?"

Idonta ya sauka a kan bandejinsa da ke rataye, ya yi baƙi da dauɗar kasuwa. Ta ɗaga ta gani, ta dube shi, ta dubi labulen, kuma ga alama ta gane abin da ya yi, don ba ta yi faɗa ba.

"Yana ciwo?"

"Kamar wuta."

"To, naka zai warke." Ta share ido da bayan hannu, haushi-haushi. "Ka shigo da yaran kafin likita ya iso. Kada su taɓa ta, kada su daɗe. Maganar kuma, ko ka gaya mata ko ka bar wa likita, ya rage naka."

Ya daɗe a lungun. Baƙin ciki ya cika masa ƙirji. Ya goge fuska da hular kansa, ya koma bayan labule.

Maman Biyu ta sa hannun hagu ta gyara gashinta, ta lashe leɓe don kada yara su ga ya bushe. Idonta har wani haske yake yi.

"Ka sa hannun? To, kira su mana. Tsaya, fuskata ba ta ba da tsoro ko?"

"Ba ta bayarwa."

"Baban Biyu, a ina ka samo wannan yadin? Wallahi ko alamarsa ba na ji a jikina, kamar ba a ɗora komai ba. Gobe ka koma ka ƙaro wani kafin a saye, saboda in an wanke wannan."

Hannunsa na ta zugi har cikin ƙashi. Ya buɗe baki, ya dubi fuskarta, ya rufe.

"To," ya ce. "Zan koma."

Gefen zanin ya ɗan zame daga kafaɗarta. Ya sa yatsu biyu ya ja shi sama a hankali, a hankali, kamar har yanzu zai iya yi mata ciwo, sannan ya fita kiran yaran.